Waiwaye: Yadda zari-rugar Wales ta rasa ranakun Asabar ɗinta

Tun watan Agustan 2025 magoya bayan ƙwallon zari-ruga a Wales ba su da zance sai ɗaya: ƙungiyoyin ƙwararru nawa ƙasar za ta iya ɗaukar nauyinsu? A wannan watan hukumar wasan ta kawo shawarar rage ƙungiyoyin shiyya daga huɗu zuwa biyu. Aka yi ta ka-ce-na-ce, sai a Oktoba aka ce uku za a bari: ɗaya a Cardiff, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. A yamman kuwa ƙungiyoyi biyu ne, Ospreys da Scarlets, ke nan dole wani gida ya yi kuka. A shekarar ce kuma bashi ya durƙusar da ƙungiyar Cardiff har hukumar ta karɓe ta a watan Afrilu, tawagar ƙasar kuma ta sha kashi sau 18 a jere, tun daga Oktoban 2023, kafin ta samu sa'ar Japan a watan Yuli.

Yawancin masu muhawarar daga 2003 suke fara lissafi, shekarar da aka ƙirƙiro shiyyoyin. A ganina bangon ya tsage tun wajen shekara 15 kafin nan, a wani lokaci da ba a cika waiwayarsa ba, don babu wata rigima da aka yi a kansa.

Tarihin farko sananne ne, ba sai an ja shi ba. Manyan kulob-kulob, Neath da Llanelli da Swansea da Newport da Cardiff, duk a shekarun 1870 aka kafa su, hukumar ƙasa kuma a 1881. Wasan ya kama ƙasa a garuruwan haƙar kwal da narka ƙarfe na kudancin Wales, inda lebura da malamin makaranta da likita ke sa riga iri ɗaya ranar Asabar. Wales ta doke New Zealand a 1905, kulob-kulob ma suka riƙa yin haka su kaɗai: Swansea a 1935, Cardiff a 1953, Newport a 1963, Llanelli a 1972. A shekarun 1970 sau uku Wales na cinye duk wasanninta a gasar ƙasashe biyar, a 1971 da 1976 da 1978.

Abin da zai ba mai kallon Firimiya mamaki shi ne duk wannan ɗaukakar an same ta ne babu gasar lig. Sama da shekara 100 manyan kulob-kulob na Wales ba su da teburin hukuma, babu hawa, babu faɗuwa. Kowane kulob da sakataren da ke ƙulla masa wasanni da kansa, wannan ranar taku ce, waccan ta wane ce, kuma galibi ranar da aka saba ita ce ake maimaitawa kowace shekara. Jaridar Western Mail ce ke ƙirga sakamako ta bayyana zakara, shi ma ba na hukuma ba. Gasar kofin ƙalubale ta hukuma da aka sani yau sai kakar 1971-72 ta fara.

Babban kulob yakan buga sama da wasa 40 a kaka guda, kuma kaso mai tsoka a ciki da kulob-kulob na Ingila ne. Gloucester da Bristol da Bath duk maƙwabta ne, kogin Severn kawai ya raba, da aka buɗe gada a kansa a 1966 kuwa tafiyar ta zama je-ka-ka-dawo. Leicester da Coventry da Moseley da Harlequins na Landan su ma suna cikin jerin. Tsakanin Llanelli da Bath har wata 'yar tsana ake yi wa takara, wanda ya ci ya tafi da ita a sa mata kayan kulob ɗinsa. Lokacin Ista tawagar Barbarians ta gayyatattun 'yan wasa takan sauka kudancin Wales, Juma'a a Penarth, Asabar a Cardiff, Litinin a Swansea, Talata a Newport. A takarda sunan waɗannan wasanni na sada zumunci. A fili kuwa babu zumuncin da ake sadawa, domin ba abin da ke fito da ɗan Wales daga gida cikin ruwan sama kamar a ce masa yau da 'yan Ingila za a kara.

Kuɗin ƙofa daga nan yake fitowa, kuma a nan matashin ɗan wasa ke sanin matsayinsa, don duk bayan mako biyu ko uku sai ya haɗu da salon da ba na gida ba. Ƙasa mai mutum miliyan 3 tana cin kasuwar maƙwabciya mai mutum kusan miliyan 50, ba tare da an taɓa rubuta yarjejeniya ba. Al'ada ce kawai ta riƙe abin, ita kuwa al'ada ba ta da sa hannun kowa.

Sai Ingila ta kafa gasar lig ta ƙasa a kakar 1987-88. Ba laifi ta yi ba. An fara gasar cin kofin duniya a 1987, kowa ya ga ratar da ke tsakanin Turai da New Zealand, kuma kowa ya yarda sai da gasa mai tsari za a cike ta. A kakar farko kulob-kulob ne ke zaɓar ranakun wasanninsu na lig, don haka tsohon tsari bai girgiza sosai ba. Daga kaka ta biyu aka ware wa lig ranakun Asabar na musamman. A kakar 1993-94 aka koma gida da waje, yawan wasannin lig ya ƙaru sosai. Kowace Asabar da lig ya ɗauka, daga hannun wani kulob na Wales ta fita. Mai horar da Bath ko Gloucester da ke da wasan maki a gaba ba zai kai manyan 'yan wasansa Llanelli a karya musu haƙarƙari a wasan da ba ya ƙara masa komai ba. Wasannin ba su mutu rana ɗaya ba. Sun koma daren tsakiyar mako, ko makon da manyan 'yan wasa suka tafi tawagar ƙasa, aka riƙa turo 'yan benci, 'yan kallo suka gane, suka daina zuwa.

Wales ta kafa nata lig ɗin a kakar 1990-91, Neath ta fara ɗauka. Wannan ma abin da hankali ya bayar ke nan, tunda kiɗa ya sauya. Amma lig ɗin Ingila da na Wales ba abu ɗaya suka haifar ba. Ingila ta tattara manyanta wuri guda, gasa ta yi zafi, tawagarta ta cinye duk wasanninta a gasar ƙasashe biyar a 1991 da 1992 da 1995. Wales kuwa ta rufe kanta a ɗaki ɗaya da ita kanta. Kulob huɗu ko biyar masu ƙarfi, saura kuma na ƙananan garuruwa masu zuciya amma babu aljihu, duk a wani zirin ƙasa da mota ke ratsawa daga Newport zuwa Llanelli cikin awa ɗaya da rabi. Ranar da a da Leicester ce ke zuwa, yanzu wani kulob ne da za a lallasa tun kafin hutun rabin lokaci.

Lokacin ma bai taimaka ba. Bayan yajin aikin mahaƙa kwal na 1984-85 ramukan kwal suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, garuruwan kwari da ke samar da 'yan wasa da 'yan kallo suka shiga fatara. Zari-ruga mai 'yan wasa 15 a lokacin ba a biyan albashi, alhali mai 'yan wasa 13 ta arewacin Ingila tana biya tun bayan da kulob-kulob na can suka ɓalle a 1895. Jonathan Davies ya tafi Widnes a 1989, Scott Gibbs ya tafi St Helens, Scott Quinnell ya tafi Wigan, duka a 1994, da wasu da dama a tsakani. Ana yawan ambaton wannan hijirar, da shan kashin da Wales ta yi a hannun Samoa ta Yamma da ci 16-13 a Cardiff a kofin duniya na 1991. Amma waɗanda suka tafi da yawansu sun dawo bayan 1995. Ranakun Asabar ɗin ne ba su dawo ba.

Garwashin bai mutu nan take ba, tunda a 1992 Swansea da Llanelli kowacce ta doke Ostireliya mai riƙe da kofin duniya. Da aka halatta biyan 'yan wasa a Agustan 1995, Cardiff ta kai wasan ƙarshe na farko na kofin Turai, Toulouse ta Faransa ta tsallake da ƙyar, 21-18 bayan ƙarin lokaci. Sai dai albashi na son kuɗin shiga duk mako, kasuwar kuma ta riga ta tsuke. Shi ya sa a kakar 1998-99 Cardiff da Swansea suka ƙaurace wa lig ɗin gida suka koma buga wasannin sada zumunci da kulob-kulob na Ingila. Ana kiran wannan kakar ta tawaye. Ni abin da nake gani a cikinta shi ne mutanen da suka gane abin da ya ɓace musu, suka bi sawunsa bayan shekara goma. An yi ta maganar haɗa gasa ɗaya a wancan lokacin, ba a daidaita ba, bayan kaka guda suka dawo gida.

Daga nan sai neman abokan wasa a wani wajen: lig da Scotland a 1999, aka ƙara Ireland a 2001. A 2003 aka dunƙule manyan kulob tara zuwa shiyyoyi biyar. Cardiff da Llanelli (wato Scarlets) suka tsaya da ƙafafunsu, Neath da Swansea suka zama Ospreys, Newport da Ebbw Vale suka haɗu a Dragons, Bridgend da Pontypridd suka zama Celtic Warriors. Ta ƙarshen nan kaka ɗaya ta yi a duniya. Ta je har gidan Wasps ta Ingila ta doke ta, a shekarar da Wasps ta ɗauki kofin Turai, amma kafin kaka ta gaba an rufe ta saboda kuɗi. Mutanen Pontypridd da kwarurukan da ke kewaye aka ce su koma goyon bayan Cardiff, abokiyar hamayyarsu ta kaka da kakanni. Da yawansu har yau ba su je ba.

Akan ce ai tsarin shiyya ya yi aiki a Ireland, kuma gaskiya ne: Ulster ta ɗauki kofin Turai a 1999, Munster a 2006 da 2008, Leinster sau huɗu. To amma lardunan Ireland sun girmi wasan da ɗaruruwan shekaru. Mutumin Limerick ɗan Munster ne tun ran gini. A Wales garinsa mutum yake bi, kuma garin da ke nesa da shi da mil goma shi ne abokin gaba. Kulob biyu, Cardiff da Newport, sun taɓa tara mutum 48,500 a 1951, a zamanin da suke haɗuwa sau huɗu a kaka.

Kada a ce shiyyoyin ba su tsinana komai ba. Ospreys ta ɗauki lig sau huɗu tsakanin 2005 da 2012, Scarlets a 2004 da 2017, Cardiff ta ci ƙaramin kofin Turai a 2010 da 2018. Tawagar ƙasa da suka ciyar da 'yan wasa ta cinye duk wasanninta a gasar ƙasashe shida a 2005 da 2008 da 2012 da 2019. Wannan nasarar ce ta rufe ɓarakar kusan shekara 20: babban filin Cardiff mai cin sama da mutum 70,000 yana cika ranar wasan ƙasa, kuɗinsa na gangarowa shiyyoyi, filayen shiyyoyin kuma rabi a wofi. Ƙwallon ƙafa ma ta ja nata kason, da Swansea City ta hau Firimiya a 2011, Cardiff City a 2013, sannan su Gareth Bale suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2016.

Lig ɗin kuwa sai ƙara nisa yake yi. Italiya ta shigo a 2010, ƙungiyoyin Afirka ta Kudu biyu a 2017, manyanta huɗu a 2021. Ingancin wasa ya ƙaru, kuɗin talabijin ma haka. Amma magoyin bayan da kakansa ke hawa bas zuwa Bristol ya dawo ya kwana a gida, yau wasan wajensa a Pretoria ko Treviso yake, baƙi kuma ba sa zuwa da 'yan rakiyar da za su sayi tikiti. An gwada wani kofin haɗin gwiwa da Ingila daga 2005 zuwa 2018, sannu a hankali ya koma fagen gwada matasa. Ingilar ma ba tudun mun tsira ba ce, don Worcester da Wasps sun rushe a 2022, London Irish a 2023. Wanda ke lissafin kwabonsa ba ya gaggawar gayyato mai cin tuwo.

A Afrilun 2025 shiyyoyin Wales huɗu suka buga wasanninsu biyu rana ɗaya a babban filin Cardiff, kamar yadda suka saba. 'Yan kallo ba su kai 30,000 ba, alhali irin wannan ranar ta tara sama da 68,000 a 2016. Bayan mako uku Bristol ta tsallako gadar Severn ta karɓi baƙuncin Bath a wannan filin, wasan lig ɗin Ingila, babu ƙungiyar Wales ko ɗaya a ciki. Sama da mutum 50,000 suka shiga.