Ƙona Shara a Gida: Tambayoyin da Suka Ƙi Ƙarewa

Hunturu ya kama, darbejiya da mangwaro sun fara zubar da ganye, tambayoyin nan kuma sun dawo kamar yadda suka saba duk shekara. Na tattara su wuri ɗaya ne don in huta da nanata magana. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Don Allah, ƙona shara a tsakar gida ko ƙofar gida shiga haƙƙin maƙwabci ne?

Idan hayaƙin ya shiga gidansa, e. Kuma da wuya bai shiga ba.

Amma ai gidana ne, da kuɗina na saya.

Babu mai yi maka gardama. Fili ka saya, Malam, babu iska a cikin takardar. Kai da ka cinna wutar kana tsaye ta gefen da iska ke fitowa, shi ya sa kake ganin abin bai kai ya kawo ba. Zagaya ka tsaya a ɗakin da hayaƙin yake faɗawa, sannan mu yi magana.

Ɗan hayaƙi ne fa, minti nawa zai ɗauka?

Wutar ce ke ɗaukar mintoci. Tarin ganye mai danshi da aka haɗa da ƙasar shara ba ya ci da harshe, ƙasa-ƙasa yake ci, yana turnuƙewa har tsakar dare. Irin wannan wuta mara ƙarfi ita ta fi kowace fitar da hayaƙi mai illa, domin abin bai ƙone sosai ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin da masana ke kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi ƙanƙanta fiye da sau 20. Hanci ba ya tace su, kai tsaye suke wucewa can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Ban ce ganyen gidanka ne ya kashe su ba. Amma kai lafiyayye tari biyu za ka yi ka wuce, jaririn bayan katanga da tsohuwa mai asma su kwana zaune.

Me ya sa ka fi matsa wa masu ƙonawa da yamma?

Saboda shi ne mafi munin lokaci, kuma shi kowa ya zaɓa. Da rana ƙasa tana da zafi, iska tana tashi sama, ta tafi da hayaƙi. Rana na faɗuwa ƙasa ta huce, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta danne ta daga sama. Hayaƙin ba shi da hanyar fita, sai ya bi lungu-lungu yana shiga tagogi. Kun sha ganin yadda yake shimfiɗuwa kan unguwa bayan magariba. Da asuba ma haka abin yake. Ga shi a hunturu iskar cike take da ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ƙirjin mutane ya riga ya gaji kafin ka ƙara masa naka.

Leda 'yar kaɗan ce a ciki, don wutar ta kama.

Cire ta. Kuma kar ka ce mini kaɗan ce, na san abin da ke cikin sharar gida: ledar fiya-wata, tsohon silifa, guntun ledar ɗaki, bututun ruwa, wayar wuta, yagaggiyar katifa, batir. Ledar ɗaki da bututu da rigar waya galibi robar PVC ce, idan ta ƙone tana fitar da iska mai cin ido da maƙogwaro, kuma tana taimakawa wajen haifar da gubar dayoksin. Wannan guba ba ta tafiya da hayaƙi kaɗai, tana zama a toka da ƙasa, kaji su yi tono a wurin, ta taru a kitsensu da ƙwansu. Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001, wadda Najeriya ke ciki, ta lissafa ƙona shara a fili cikin hanyoyin da gubar ke samuwa. Soson katifa kuwa hayaƙinsa har da gubar sayanayid. Gwangwanin feshin sauro ko na turare fashewa yake yi, ko da kana ganin babu komai a ciki.

Taya fa?

A'a.

Ai hayaƙin ganyen darbejiya yana korar sauro, taimakon unguwa nake yi.

Yana kora muddin yana tashi. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa cikin dare ya fi cizo, lokacin da wutarka ta daɗe da mutuwa. Sayi gidan sauro mai magani, ka yashe kwatar ƙofar gidanka.

To mu unguwarmu mota ba ta zuwa kwasar shara, babu bola kusa. Idan ban ƙona ba, yaya zan yi da ita?

Yauwa. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ina da amsa mai tsabta ba. Mutumin da ke sabuwar unguwa a bayan gari, inda ko titi ba a fitar ba, ba daidai yake da na cikin birni mai bola a bakin layi ba. Kuma idan zaɓin da ya rage shi ne ko a ƙona ko a tura cikin magudana ta toshe, damina ta zo ruwa ya ci gidaje, ba zan ce maka turawa ta fi ba.

Abin da nake cewa shi ne, yawancin abin da kuke tarawa ku ƙona bai kamata ya kai ga wuta ba tun farko. Ƙarfe, alminiyam, gorar ruwa, fasasshen bokiti, kwali, duk 'yan gwangwan suna saye, ko aƙalla su ɗauka kyauta. Ɓawon kayan miya da ragowar abinci na awaki da kaji ne, naka ko na maƙwabta. Idan ka ware waɗannan, sauran ganye da leda da famfas ɗin yara.

Ganye taki ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna shigowa gari da jakuna da mangala suna kwasar shara zuwa gona, har yanzu ma akwai masu nema, kukansu dai leda ta yi yawa a ciki. Idan kana da fili, haƙa rami kamar zurfin gwiwa a gefe, ka riƙa zuba ganye, ka yayyafa kashin awaki ko na kaji, ka watsa ruwan wanke-wanke, ka rufe da 'yar ƙasa. Cikin wata biyu zuwa uku, gwargwadon danshi, zai ruɓe. Na san za a ce gidan haya ne, ko an shafe tsakar gida da siminti, ko ana tsoron gara da kunama. Duk gaskiya ne. A nan sai buhu: a cusa ganyen, a ajiye wa mai lambu ko mai gona. Wani zai zo da kansa, wani sai ka kai masa, wani lokacin ma ka rasa mai so.

Leda da famfas su ne ciwon kai. A wasu manyan garuruwa akwai masu sayen ledar fiya-wata a kan sikeli, a wasu babu. Famfas ba ya ƙonuwa, jiƙaƙƙe ne, sai dai ya yi ta hayaƙi da wari. Binne shi da zurfi, nesa da rijiya, ya fi sauƙin illa, ko da yake shi ma ba gyara ba ne, ɗage matsala ne. Yaran da ke kwasar shara a baro suna da amfani, amma ka tambaye su inda suke zubarwa, don wasu kwana ɗaya suke sha su juye a kwata. Inda na ga abin ya fi tafiya shi ne inda gidajen layi suka haɗa kuɗi suka ɗauki mai kura ko mai mota yana zuwa a kan lokaci. Wannan ma sai an sami mai tsayawa a kai, kuma kun san halinmu da karo-karo.

Idan duk an bi waɗannan, wani abu ya rage, dole sai wuta, to ga iyakar abin da zan iya lamunta. Busasshen ganye da kara da ƙirare kawai, waɗanda suka bushe ƙarau. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa sawa wutar tana ci da harshe, kar ka tula tari guda. Wuri mai ƙasa, nesa da danni, da harawar da aka ɗora kan rufi, da janareta, da tukunyar gas, da teburin mai sayar da fetur a galan. Bokitin ruwa a gefenka kafin ashana. Lokaci kuwa, hantsi zuwa azahar ya fi, lokacin da hayaƙi ke tashi sama. Sai dai shi ma da sharaɗi: a hunturu sau da yawa a lokacin ne iska ke kaɗawa da ƙarfi, kuma tartsatsi ɗaya ya ishi rumbu. Ranar da ka ga iska tana ɗaga leda sama, haƙura. Sannan lokacin ne mata ke da shanya a igiya, wata ta baza kuɓewa ko tattasai ko garin tuwo. Shi ya sa babu lokacin da za ka zaɓa kai kaɗai. Aika yaro ya yi sallama ya ce, Baba ya ce zai ƙona ganye anjima, ko akwai shanya? Idan aka ce akwai mara lafiya ko mai jego, ka ɗaga zuwa wata rana. Sau nawa a shekara? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sau biyu ko uku a lokacin zubar ganye, yawancin maƙwabta za su kau da kai. Kullum da yamma kuwa, babu mai haƙurin wannan, ko da bai faɗa maka ba.

Har da addini za a kawo cikin maganar shara?

Har da shi. Hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, yara ma sun haddace shi a Islamiyya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba. Malaman Malikiyya ma ba su bar abin a dunƙule ba: a cikin littafin fiƙihu na Muhtasar na Shehu Halil, inda ake jero abubuwan da alƙali ke hukunta a hana saboda maƙwabci, an ambaci hayaƙi irin na gidan wanka da wari irin na majema. Maganar ta girmi ni da kai.

To masu girki da itace da mai tsire fa, su ba hayaƙi suke yi ba?

Suna yi, kuma yana da illa, musamman ga matar da ke tsugune gaban murhu. Amma abinci dole ne, kuma kowa ya san lokacinsa. Kar ka fake da tukunyar wata.

Akwai dokar da ta hana?

Akwai. Hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin 2011 kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili, jihohi kuma suna da hukumominsu, kamar REMASAB mai kwasar shara a Kano, ga ma'aikatan duba-gari a ƙananan hukumomi. Ko ana aiwatarwa, wannan wata magana ce. Masu cewa ai Turawa ma suna ƙona ganye a lambunansu, haka ne, a Ingila ba a hana ba. Amma a ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990, idan hayaƙinka ya zama fitina ga maƙwabta, ƙaramar hukuma tana aiko maka da takardar ka daina, ka ƙi a ci ka tara.

Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ai kowa ƙonawa yake yi.

Na gani. An share layi, an yashe kwata, an tara, mota ba ta zo ba, sai kowa ya ɗauko ashana a lokaci ɗaya. Abin da aka fito da shi daga kwata jiƙaƙƙe ne, rabinsa leda. Ba ya cikin abin da ake ƙonawa, ko mutum nawa suka yi.

Takardu masu ayoyi da sunan Allah fa? Ba na son su shiga bola.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba da ke nake ba. Malamai sun halatta ƙona su don kare alfarmarsu, suna kafa hujja da abin da Sayyidina Usman ya yi lokacin da aka haɗa Alƙur'ani a kan mushafi ɗaya. Sa su a tsohon kwano mai tsabta, su kaɗai, ki binne tokar. Hayaƙin bai kai na dafa shayi ba.

Maƙwabcina ne ke ƙonawa kullum, yarona kuma yana da asma. In kai shi ƙara?

Ba yanzu ba. Da yawansu ba su san inda hayaƙin yake zuwa ba, kuma ba mugunta ba ce, sabo ne. Kar ki yi magana ta kan katanga wuta na ci, faɗa za a yi. Bari sai washegari, maigida ya same shi bayan an fito masallaci, ko ke ki shiga wajen matarsa. A faɗi abin da ya faru da yaron a daren, a roƙi abu ɗaya takamaimai: a daina sa leda, a daina da yamma, a riƙa sanar da ku. Idan bai ji ba, liman ko wani dattijon layi. Sannan mai unguwa. Duba-gari su ne na ƙarshe. Kafin nan, rufe tagar ɓangaren, a mayar da yaron ɗaki mafi nisa, abin shaƙarsa ya kasance kusa. Idan numfashi ya sarƙe har ya kasa magana, asibiti za a nufa a daren, ba a jira safiya.

Tokar tana da amfani?

Ta ganye da kara zalla, e, a watsa kaɗan a gindin shuka. Wadda leda ko batir ya shiga, kar ta je lambu, kar kaji su taɓa ta, balle a tace ta a yi ruwan toka a zuba a miya.

Wutar ta lafa, zan iya shiga in kwanta?

Ba ta mutu ba. Tona da manjagara za ka ga garwashi a ƙasa. An hana mu barin wuta a gida mu yi barci, hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Zuba ruwa, ka juya, ka sake zubawa har sai ka daina jin tana cuu.