Jinyar mai gigin tsufa a gida tsakanin Hausawan Saudiyya

Gigin tsufa, wanda wasu ke kira ruɗewar tsufa, kafafen labarai kuma ke kira cutar mantuwa, larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke cin tunanin mutum da maganarsa da hankalinsa sannu a hankali, har ya kasa ɗaukar ɗawainiyar kansa. Larabawa na ce masa haraf, ko da yake a Makka da Jidda an fi jin mutane na cewa "zahaimar", kowane iri ne kuwa. Sunan "zahaimar" ya samo asali daga Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana nau'in cutar da ke ɗauke da sunansa a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da larurar, kuma duk shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne. Mai bi masa shi ne wanda toshewar jijiyoyin jini ke jawowa, abokin tafiyar hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki.

Tsufa kaɗai ba ya kawo ta. Tsohon da ya manta inda ya ajiye carbinsa lafiyarsa ƙalau. Wanda ya riƙe carbin yana tambaya mene ne wannan, shi ne abin damuwa.

Inda ake jinyar

Hausawa sun daɗe a Hijaz. Akwai jikokin mahajjatan da suka taka ƙasa ta Chadi da Sudan suka haye Bahar Maliya, akwai kuma waɗanda jirgin sama ya kawo daga baya suka zauna. Ana samunsu a Misfala da Shara Mansur a Makka, da Madina, da tsofaffin unguwannin kudancin Jidda. A waɗannan gidaje, kai tsoho gidan gajiyayyu abin kunya ne da ba a ko ambata. Dokar haƙƙin tsofaffi da Saudiyya ta fitar a 2022, wadda ta ɗauki shekara 60 a matsayin farkon tsufa, ita ma iyali ta fara ɗora wa nauyin. Amma in an ce iyali, a aikace mace ɗaya ake nufi: 'ya, ko suruka, ko matar da ita ma ta manyanta. Ƙididdigar duniya ta nuna mata ke ɗauke da kusan kashi 70 na sa'o'in wannan jinya, kuma wanda ya leƙa gidajen zai ga ba a yi ƙari ba.

Takarda ita ke raba Hausawan gida uku. Mai shaidar ɗan ƙasa yana zuwa asibitin gwamnati kyauta, kuma yana iya shiga shirin Ma'aikatar Lafiya na aika ma'aikatan jinya gida. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya dogara da inshora ko aljihun 'ya'yansa. Wanda ba shi da takarda kuwa, tsoron kamu kan hana a fita da shi sai ciwo ya ci ƙarfinsa. Akwai ƙungiyar agaji ta Saudiyya mai kula da masu Alzheimer, wadda aka kafa a Riyad a 2009, tana wayar da kai da tallafa wa iyalai. Lambar 937 ta shawarar likita ce, 997 kuma ta motar ɗaukar marasa lafiya.

Komawar harshe

Abin da ya fi bambanta jinyar Bahaushen Saudiyya da ta Bahaushen Kano shi ne harshe. Cutar kan fara da goge abin da aka koya daga baya, ta bar na ƙuruciya. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana ciniki da Larabci sai Larabcin ya riƙa zubewa, ta koma Hausar garinsu tsantsa, da karin maganar da ba wanda ya taɓa ji a bakinta. Jikanyarta, haifaffiyar Makka, ta miƙa mata shayi tana cewa da Larabci "Sitti, ishrabi," wato "Kaka, ki sha," tsohuwa ta kau da kai kamar baƙuwa ce ta shigo. Maƙwabciya ta zo ta ce, "Hajiya, sannu da hutawa, ga kunu ya huce," sai ta karɓa ta sha. Iyalai da yawa kan ɗauki wannan taurin kai ne, alhali maganar ce ba ta shige ta ba.

Haka ake fama a asibiti. Gwajin ƙwaƙwalwa tambayoyi ne, kuma in an yi su da Larabci ga wadda Hausa kaɗai ta rage mata, sakamakon zai fi gaskiya muni. Shi ya sa ake so a tafi da mai jin harsunan biyu. Mai aikin gida 'yar wata ƙasa tana iya wanki da shara, amma lallashi da dare sai mai Hausa.

Hidimar yau da kullum

Ba a jayayya da mai gigin tsufa. In ta tambayi mijinta da ya rasu shekara ashirin, gaya mata ya mutu sabon zaman makoki ne kowace rana. Gara a ce, "Inna, ba mu labarin Alhaji," a bar ta ta yi ta zuba. In ta ce an sace mata zinari, a taya ta nema. Sau da yawa yana ƙarƙashin matashi, kuma zargin sata, wanda ya raba surukai da dama, alamar cutar ce.

Tsari ɗaya kullum yana kwantar da hankali, kuma kiran salla biyar ya riga ya yanka yinin: wanka bayan hantsi, magani bayan azahar, kwanciya bayan isha'i. Tsakanin la'asar da magariba ne rikici ke tashi, majinyaci ya ɗaure kaya ya ce zai tafi gida. A kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba, a rage hayaniyar talabijin, a ba shi ɗan abin yi a hannu.

Fita ita ce babban haɗari. Tsoho ya saba tafiya Harami, ƙafarsa ta san hanya, kansa ya manta komowa. Zafin bazara a Makka kan haura digiri 45, kuma a cunkoson Ramadan ko aikin hajji ɓatansa abu ne na minti kaɗan. Ana sa sakata a saman ƙofa, a ɗinka lambar waya a jikin riga, a sanar da masu baƙala, wato ƙananan kantuna, na layin. Rushe-rushen unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil, daga ƙarshen 2021, ya tilasta wa iyalai da yawa ƙaura, kuma sabon gida na daga cikin abubuwan da ke hargitsa mai wannan cuta. A ɗakin da aka koma, a jera gado da darduma da akwatinsa yadda suke a da.

Tsoho ba ya jin ƙishi da wuri, don haka ba a jira ya nema. Ruwa kaɗan-kaɗan, a kai a kai. In ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ba ci gaban cutar ba ne yawanci. A duba ciwon fitsari, zazzaɓi, ƙarancin ruwa ko faɗuwar suga. Ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo ma kan yi kama da gigin tsufa, kuma suna jin magani. Magunguna irin su donepezil da memantine suna rage alamu na wani lokaci, ba sa warkarwa. Ruƙiyya da zamzam suna sanyaya zuciyar iyali, ba kuma sa hana zuwa wurin likita. Abin da ke cutarwa shi ne a yanke cewa sammu ne ko iska, a shiga ɗaure tsoho ko banka masa hayaƙi.

Idan ya kwanta, ana juya shi duk bayan kamar awa biyu saboda gyambon kwanciya, a ciyar da shi a zaune da abinci mai laushi, don sarƙewa kan kai ga ciwon huhu.

Ibada da hukunci

Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, wato wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. Malamai sun ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa salla da azumi, da yawansu kuma ba sa ganin ciyarwa a madadin azumin. In ya yi azahar sau uku ko ya sallame a raka'a ta biyu, a ƙyale shi. Dukiyarsa kuma kotu ce ke naɗa mata waliyyi.

Wata muhawara kan taso idan tsoho ya dage sai an kai shi gida. Wasu 'ya'yan kan yanki tikiti zuwa Kano ko Sakkwato ko Damagaram, wasu su ƙi, don sun san burinsa tun yana da lafiya a yi masa salla a Harami. Doguwar tafiya kan ƙara ruɗa shi, kuma gidan da yake nufi na zamanin iyayensa ne. Ana samun wanda aka kai har ƙofar gidansu, ya kwana ɗaya, da la'asar ya sake ɗaure kaya ya ce a kai shi gida.