Kana son kiwon kunkurun ruwa? Ga tambayoyin da aka fi yi min

Na sayi ɗan ƙarami, wannan robar da aka haɗo min da shi ba za ta isa ba?

Wallahi ba za ta isa ba, kuma a nan ne yawancin mutane ke fara cutar da dabbar nan ba da saninsu ba. Wanda aka fi sayarwa shi ne mai jan zane a bayan ido, asalinsa daga kudancin ƙasar Amurka ne wajen kogin Misisifi, kana ganinsa ɗan mitsitsi a tafin hannu amma macen tana kaiwa santimita 25 zuwa 30, kuma in ya samu kulawa sai ya yi shekara 20 ko 30 a hannunka. Lissafin da masu kiwo ke bi shi ne kusan lita 40 na ruwa ga kowane inci ɗaya na ƙoƙon bayansa, kenan mai inci 8 yana son wajen lita 300. Ruwan ya yi zurfin da in ya kife zai iya juyowa da kansa. Kar ka zuba ƙananan tsakuwa a ƙasan tankin, haɗiye su yake su toshe masa ciki.

Tunda na ruwa ne, me zai yi da busasshen wuri?

Wannan ce tambayar da na fi son a tsaya a kai. Dole ya samu dutse ko katako da zai hau ya bushe ƙarƙaf ya sha hantsi, jininsa ba ya ɗumama kansa, da zafin waje yake narkar da abinci. Ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27, wurin shan hantsin kuma 30 zuwa 35. Ƙwan fitila biyu yake buƙata a saman wurin, ɗaya na zafi ɗaya na UVB, wato wani nau'in haske da ke cikin hasken rana wanda ido ba ya gani, hasken UVB ɗin ne ke sa jikinsa ya haɗa bitamin D3, in babu shi ko ka cika shi da kalsiyam ba zai shiga ƙashinsa ba. Na taɓa riƙe wani da aka bari wata da watanni ba wannan fitilar, na ɗan danna bayansa da yatsa sai ya lotsa, ƙafafunsa na baya ja kawai yake yi, har yau abin yana damuna. Wasu su ce ai na ajiye shi gefen taga, to gilashi tare UVB yake. Ƙwan ma ƙarfinsa ƙarewa yake tun yana ci gaba da haske, a canza shi duk wata 6 zuwa 12.

Ruwan nawa kwana biyu ya fara wari, mene ne matsalar?

A cikin ruwan yake ci, a ciki yake kashi, ya fi kifi ƙazanta nesa ba kusa ba. Nemi filta, wato na'urar tace ruwa, mai ƙarfin ninki biyu ko uku na girman tankin, sannan duk sati ka kwashe kashi ɗaya cikin huɗu ka zuba sabo wanda aka cire masa kulorin. Sauran abincin da ya bari a tsame shi nan take.

Me zan ba shi ya ci?

Yana ƙarami nama ya fi so, tana, ƙwari, ƙananan kifi, da abincin kunkuru na gwangwani, kullum sau ɗaya. In ya girma sai ganye ya fi yawa a abincinsa, a ba shi duk bayan kwana biyu ko uku. A cikin ruwa za ka saka masa don sai da ruwa yake iya haɗiya. Zai riƙa binka da ido yana dukan gilashi kamar bai taɓa ci ba, kar ka biye masa, ƙiba na cutar da su.

Yara za su iya wasa da shi?

Su kalla dai, amma ban ba da shawarar ƙananan yara su riƙe shi ba. Kunkuru na ɗauke da ƙwayar salmonela a jikinsa ko da lafiyarsa ƙalau, tana kawo gudawa da zazzaɓi, saboda ita ne ma Amurka ta hana sayar da wanda bai kai inci 4 ba tun 1975, don yara na sa su a baki. Wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa shi ko ruwansa, kuma kayan tankin kar su je inda ake wanke kwanuka.

Ta yaya zan gane ba shi da lafiya?

Ido ya kumbura ya rufe, kumfa a hanci, buɗe baki yana numfashi, ko ka ga yana iyo a karkace gefe ɗaya ya fi nutsewa, wannan na ƙarshen sau da yawa ciwon huhu ne, kai shi wajen likitan dabbobi kar ka jira. Amma in ɓawon bayansa ne ke ɓarewa siriri-siriri kuma ƙasansa da tauri, girma ne kawai.

In ya fi ƙarfina, in kai shi rafi in sake?

Don Allah kar ka yi. Wannan mai jan zanen yana cikin dabbobin da suka fi mamaye ruwan da ba nasu ba a duniya, yana ƙwace abinci da wurin shan hantsin kunkurun da ya tarar, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi tun 1997 saboda haka. Nemi wani mai babban tanki da zai iya, ka ba shi har da fitilun da filtar, ka kuma gaya masa shekarunsa da abin da ya saba ci.