Unguwar Dudley: Yadda Mazauna Suka Karɓe Ragamar Gyaran Unguwarsu

Duk inda masu tsara birane suka zauna maganar farfaɗo da tsohuwar unguwa ba tare da an kori mutanenta ba, da wuya a tashi ba a ambaci Dudley ba, wata unguwa a birnin Boston na Amurka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Wace irin unguwa ce, kuma me ya durƙusar da ita?

Dudley tana tsakanin unguwannin Roxbury da arewacin Dorchester, kimanin mil biyu daga tsakiyar Boston. A da yawancin mazaunanta Turawa ne 'yan asalin Ireland da Italiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa tattara nasu ya nasu suna komawa sababbin unguwannin bayan gari, baƙaƙen fata da 'yan tsibiran Cape Verde da masu jin Sifaniyanci suka maye gurbinsu. Da Turawan suka tafi, kuɗi ma suka bi su. Bankuna suka daina ba da bashin sayen gida ko na gyara a yankin. Gidan da ba a samun bashin sayensa kuwa ba ya sayuwa, don haka wasu masu gidajen haya suka gano cewa gidan ya fi daraja a ƙone: a cinna masa wuta, a karɓi kuɗin inshora. A shekarun 1970 gobara ta zama ruwan dare a unguwar.

Zuwa farkon shekarun 1980 kangon filaye sun kai kusan 1,300. Fili kuma in ba mai shi a kusa, juji yake zama. 'Yan kwangila daga wasu sassan birnin sukan zo su juye ɓaraguzan gini da tsofaffin firiji, har da ruɓaɓɓen nama, ga matattun motoci an yasar a bakin titi.

Mazauna ne suka fara yunƙurin?

A'a, kuma wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. Wata gidauniyar agaji mai suna Riley da shugabannin ƙungiyoyin taimakon jama'a da ke aiki a yankin su ne suka kafa Dudley Street Neighborhood Initiative, wato DSNI, a 1984. Niyyarsu mai kyau ce. Suka gama tsara komai, sannan a watan Fabrairun 1985 suka kira taro a cocin St. Patrick don su sanar da jama'a. Mutane kusan 200 suka halarta. Da aka karanto tsarin shugabanci, sai aka ji kujeru 23 ne, huɗu kacal aka ware wa mazauna.

Nan taro ya rikice. Wata mazauniyar unguwar, Che Madyun, ta miƙe ta tambayi waɗanda ke kan teburi ko mutum nawa ne a cikinsu ke kwana a unguwar. Amsar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Abin yabon shi ne masu shirya taron ba su yi fushi sun kwashe kuɗinsu ba. Sun janye tsarin, aka sake zama. Sabon kwamiti ya zama mai kujeru 31, mazauna ke da rinjaye. Daga cikin kujerun mazauna aka ware 12 aka raba daidai, uku-uku, tsakanin baƙaƙen fata da 'yan Cape Verde da masu jin Sifaniyanci da Turawa, ba tare da duba wa ya fi wani yawa ba. Aka kuma sa tafinta a taruka, don kada rashin jin Ingilishi ya rufe wa tsohuwa baki. Ita Che Madyun daga baya ta shugabanci ƙungiyar shekaru da dama.

A ganina duk abin da ya biyo baya a wannan taron aka haife shi. Da an bar mazauna da kujeru huɗu, da an ci gaba da "tuntuɓarsu" kamar yadda ake yi a ko'ina, a saurare su a tashi a yi abin da aka riga aka shirya.

Me ya sa suka fara da shara, alhali matsalar gidaje ta fi girma?

Saboda da ma'aikatan ƙungiyar suka bi gida-gida suna tambaya, abin da mutane suka fi kuka da shi ke nan. Uwa ba ta iya buɗe taga saboda wari da ɓeraye, ina ruwanta da taswirar shekara ashirin? A 1986 aka fara gangami da taken a daina jibge musu shara. Suka matsa wa hukumar birni har aka fara share filaye, aka janye matattun motoci. A 1987 magajin gari na lokacin, Ray Flynn, ya zo da kansa aka garƙame wuraren tara shara da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba.

Gina gida yana ɗaukar shekaru. Janye mota yini ɗaya ne, kuma kowa zai gani da idonsa. Mutanen da aka daɗe ana yi wa alƙawarin banza sai sun ga irin wannan kafin su yarda su ɓata yammacinsu a ɗakin taro.

To mutanen da ba su karanta tsara birane ba, ta yaya za su tsara unguwa?

Ba su ce sun fi ƙwararru sani ba. Haya suka ɗauko su. Ƙungiyar ce ta tantance kamfanin masu tsarawa, ita ta ɗauke shi aiki, gare ta kuma yake kai rahoto, ba ga hukumar birni ba. Aka shafe watanni ana zama da mazauna, a 1987 aka fito da tsarin da suka kira ƙauye a cikin birni: gidaje masu sauƙin kuɗi, dandalin jama'a, shaguna da wuraren wasan yara, duk inda ƙafa za ta kai. Sharaɗin da ya fi kowanne shi ne a gyara unguwa ba tare da gyaran ya kori masu ita ba. A shekarar kuma hukumar birnin ta karɓi wannan tsari a matsayin nata na yankin.

Tsari a takarda daban, fili daban. Ina suka sami filin?

Nan gizo ke saƙa. A tsakiyar unguwar akwai wani yanki mai kusurwa uku, eka 64, wanda kusan eka 30 a cikinsa kango ne. Rabin kangon na hukumar birni ne, rabi na mutane ne fiye da ɗari, da yawansu ba sa zaune a unguwar, wasu bashin haraji ya yi musu katutu, wasu suna jiran farashi ya tashi. Filayen kuma a cakuɗe suke: wannan na hukuma, na jikinsa na wani da ba a san inda yake ba. Ba yadda za a yi a gina layin gidaje a haka.

Sai ƙungiyar ta nemi abin da ba a taɓa ba wata ƙungiyar unguwa a Amurka ba, wato ikon da gwamnati ke da shi na karɓe fili don amfanin jama'a ta biya diyya. A watan Nuwamban 1988 hukumar raya birnin Boston ta amince, a ƙarƙashin wata dokar jihar Massachusetts, ta ba wa reshen da aka kafa don riƙe filayen, Dudley Neighbors Incorporated. Ikon ya tsaya kan kangon fili ne kawai a cikin wannan yanki, ba ya taɓa gidan da mutum ke ciki. Gidauniyar Ford ta ba da rancen dala miliyan 2 don sayen filayen.

Su kansu mazaunan sai da aka sha fama kafin su yarda. Da wannan ikon ne aka rushe unguwar West End ta Boston a ƙarshen shekarun 1950 aka watsa dubban talakawa, kuma ba wanda ya manta. Kada kuma a ɗauka tausayi ne kawai ya sa hukuma ta saki wannan iko. A 1986 an kaɗa ƙuri'a kan shawarar Roxbury da maƙwabtanta su ɓalle daga Boston su kafa birninsu mai suna Mandela. Shawarar ta faɗi, amma saƙon ya isa. Magajin gari yana bukatar ya nuna wa unguwannin baƙaƙen fata wani abu a ƙasa.

Idan unguwa ta gyaru farashi ya tashi, ba talakan ne zai fita ba?

Don haka ne ba a sayar da filin. Mai saye gidan yake saya, ƙasar da gidan ke kai tana hannun amintattun unguwa, wato Dudley Neighbors Incorporated, ana ba shi hayarta ta shekara 99 a kan ɗan kuɗi kaɗan. Yana iya zama har ƙarshen ransa, 'ya'yansa su gada. In kuma zai sayar, akwai iyakar ribar da zai ɗora, kuma mai ƙaramin ƙarfi irinsa zai sayar wa. Wanda ya san wakafi ba zai sha wahalar gane wannan ba: asalin dukiya a tsare, amfaninta yana gudana.

Gidajen farko, masu suna Winthrop Estates, an shige su a farkon shekarun 1990. Yau gidajen da ke kan wannan ƙasa sun haura 200, ga dandalin unguwa, ga lambuna, ga babban ɗakin rainon shuke-shuke inda matasa ke noman kayan miya. Lokacin da rikicin bashin gidaje na 2008 ya sa bankuna suka ƙwace gidaje da yawa a Roxbury da Dorchester, kaɗan ƙwarai aka rasa a cikin na amintattun, domin tun farko ba a bar masu saye sun faɗa hannun masu bashin zalunci ba.

Akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. A Amurka gida shi ne babbar hanyar da iyali ke tara dukiya. In ka taƙaita ribar, ka kare mai saye na gaba, amma ka rage wa na yanzu abin da zai bar wa 'ya'yansa, alhali maƙwabcinsa na kasuwa yana ninka kuɗinsa.

Ke nan an kawar da talauci a Dudley?

Ina! Gidaje ɗari biyu da 'yan kai ba su isa unguwa mai dubban iyalai ba, kuma kuɗin haya a Boston yana cikin mafi tsada a Amurka. Wanda ke haya a wajen ƙasar amintattun har yanzu tsadar na iya fitar da shi.

Akwai abin da tsofaffin unguwanninmu za su ɗauka?

Ba a kwafe shi yadda yake. A Najeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka a birni, shi ke soke ta don amfanin jama'a. Cutar ma ba iri ɗaya ba ce. Cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ba kango ne ya yi yawa ba, cunkoso ne: gidan gado mai magada ashirin da ba wanda zai iya gyarawa shi kaɗai, lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, kwatar da ke toshewa duk damina, kududdufan da aka cike aka yi gini ruwa ya rasa wurin zuwa.

Abin da ya fi dacewa a duba shi ne rabon kujeru. Masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban unguwa da kwamitocin masallatai da aikin gayya duk muna da su, ba sai an koya mana haɗa kai ba. Amma in aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa don maganar kwata, yawanci magidanta masu gidan kansu ne ke wurin. Matar da ke zubar da ruwan wanke-wanke a wannan kwatar tana cikin gida, ɗan haya ana ganinsa baƙo ko da ya shekara talatin, saurayi kuma sai ranar yasa ake nemansa da shebur. A Dudley masu haya suna da ƙuri'a daidai da masu gida, ana sake zaɓen kwamitin duk shekara biyu, kuma daga baya an ƙara kujeru na musamman ga matasa 'yan shekara 15 zuwa 17, masu cikakken ikon jefa ƙuri'a a kan filaye da kuɗi kamar kowane dattijo.