Allurar gwajin ƙullin wuya bata yaɗa ciwon daji

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo wai idan likita ya soka allura a ƙullin maƙoƙo to shikenan an tsokano ciwon, zai fashe ya bazu jiki. Wallahi wannan tsoron ya hana mutane da yawa gwaji, sai ka ga baiwar Allah tana rufe wuya da mayafi shekara da shekaru ƙullin yana ƙara girma.

Allurar nan siririya ce sosai, bata kai kaurin wadda ake ɗibar jini da ita ba. Zaka kwanta a sa maka matashi ƙarƙashin kafaɗa wuyanka ya miƙe, likita yana kallon ƙullin a sikanin yana shigar da ita daidai wurin, ya zuƙo ƴan ƙwayoyin halitta ya shafa a gilashi a kai dakin gwaji, mintuna kaɗan an gama a manna filasta ka tafi gida, ba yanka ba ɗinki. Ciwo ya bi hanyar allurar abu ne da da ƙyar ake samu.

Kuma fa kusan 9 cikin 10 na irin wannan ƙullin ba daji bane, gwajin ne ke ceton mutum daga tiyatar da baya buƙata. Wani lokacin abinda aka ɗibo baya isa sai a ce a sake, kar hankalinka ya tashi, ba wai an ga mugun abu bane.