Masu Gyaran Firigo, Don Allah Ku Ajiye Birike

Ranar Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya, aka shigo mana da wani yaro a kan moto, shekarunsa ba za su wuce sha shida ba. Girarsa ta ƙone ƙurmus, gashin idonsa ya nannaɗe, hannun dama daga tsintsiya har gwiwa duk ya yi bororo. Tun a shago an riga an lafta masa man goge baki da ɗanyen ƙwai. Ina wanke wurin yana cije leɓe. Na ce, "Ɗana, me ya same ka?" Ya ce, "Baba, firigo ne. Maigida ya ce in duba inda gas yake fita." Na ce da me ka duba? Sai ya sunkuyar da kai. Ban jira amsa ba, don shi ne na uku da na ɗaure wa irin wannan ciwo tun shigowar bazara. Birike ya ƙyasta.

Ni ma'aikacin lafiya ne a nan Garwa. Ban da ɗaurin ciwo, ni ke kula da firigon da muke ajiye maganin rigakafin yara, wanda dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. In ya tsaya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku nake kira ko da tsakar dare ne, kuma kuna zuwa. Na san darajarku, shi ya sa ba zan ɓoye muku ba: neman yoyon gas da wuta ganganci ne, kuma yaranku ke biyan kuɗinsa da fatarsu.

Na san inda abin ya samo asali. Dattawan wannan sana'a sun koyi aiki a zamanin R12, gas ɗin firigo na da. A lokacin akwai wata fitila ta musamman mai ɗan faifan jan ƙarfe a ciki, in ta zuƙi gas ɗin sai harshen wutarta ya koma kore, sai a ce ga hudar nan. Daga baya fitilar ta ɓace, aka bar wa yara rabin ilimin, wai wuta tana nuna yoyo. To R12 ɗin ma ya tafi. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta hana shi saboda yana cinye rigar sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, ƙasashe irin namu kuma suka rufe babinsa a 2010. R134a da ya maye gurbinsa ba ya sa wuta ta yi kore, ko ka kwana kana haskawa. Shi da R22 na na'urar sanyaya ɗaki, in sun haɗu da wuta hayaƙi mai guba suke bayarwa, mai cin maƙogwaro da huhu. Wanda yake cikin yawancin sababbin firigo yanzu kuwa, R600a, ɗan'uwan gas ɗin girki ne na jini. R290 da ke cikin wasu manyan firiza shi ma haka. Kai ne ka kai masa wuta da hannunka, me kake so ya yi?

Wani maigida ya ce mini, "Likita, ai in da yana fita da na ji wari." Ba za ka ji ba, Malam. Warin da kake ji a tukunyar girki ƙara mata shi aka yi da gangan don mutane su farga. Na firigo ba a sa masa. Kuma ya fi iska nauyi, sai ya gangara ya kwanta a ƙasa, a ramin da kwamfireso, wato injin firigon, yake, daidai wurin da yaro ke durƙusawa ya cusa fuskarsa. Wani kuma ya ce gas ɗin ai kaɗan ne. Gaskiya ne, na firigon gida ba ya wuce giram 150, sau da yawa ma bai kai rabin haka ba. Amma kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ya isa ya kama. A cikin rufaffen firigo ko ƙurƙutun shago mai ƙofa ɗaya, ba a daɗe ake kai wa nan. Kafin ka taɓa komai, juya bayan firigon ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwamfireso. In ka ga R600a ko R290, ko alamar harshen wuta cikin rawaya, to birike, ashana, sigari da murhun mai shayi su yi nesa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a shagon da yaron nan ya ƙone akwai na'urar gano yoyon gas. Tana cikin durowa, ƙarƙashin tsummoki. Wai ta lalace, wai ƙarya take yi. Da aka kawo mini na duba, pil ɗin, wato batirin, ya narke a ciki ya yi fari, bakinta kuma ya toshe da ƙura da mai. Ku kuka kashe ta.

Na'urar nan hanci gare ta, kuma hanci mai laushi. Mai kyau tana jin yoyon da bai wuce 'yan giram a shekara ba, abin da ko kumfar sabulu ba ta nuna shi da wuri. Amma sai ka ga mutum yana so ya gwada ta, ya buɗe tukunyar gas gaba ɗaya ya fesa mata a baki. Kamar ka zuba wa mutum garin barkono a hanci ne sannan ka ce ya shinshino maka turare. In gwaji kake so, ɗan abin da ya maƙale a murfin bakin tukunya ya ishe ta, shi ma daga nesa-nesa. Wani ya shafa sabulu a bututu, ya bi da na'urar a kan kumfar, ta zuƙi ruwa. Wani ya bar ta a akwatin moto a rana tun hantsi har la'asar. Ga ƙurar hunturu da ba ta barin komai. Sannan a ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ku kuma sani ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda aka yi don R22 da R134a da danginsu, wannan za ta iya wucewa ta kan yoyon R600a ba ta ce uffan ba, kai kuma ka ɗauka lafiya lau. Akwai wadda aka yi don gas mai kamawa da wuta, akwai mai jin duka biyun. Yana rubuce a kwalinta. In Faransanci ko Ingilishin ya yi maka nauyi, ba abin kunya ba ne ka ba wani ya karanta maka kafin ka biya kuɗi.

Wajen aiki da ita, gaggawa ce ke cutar ku. Cire firigon daga kuran, ka buɗe ƙofa da taga iska ta ratsa, sannan ka kashe fanka don kada ta kore gas ɗin da kake nema. Ka ba firigon 'yan mintuna. Wannan yana da dalili: firigo mai R600a in yana aiki, ɓangaren sanyinsa yakan zuƙi iska ciki ne maimakon ya fitar da gas, sai ya tsaya ƙarfin ya daidaita kafin hudar ta fara hurowa. Kunna na'urar a waje, cikin iska mai tsabta, ka bar ta ta gama ɗuminta. In ka kunna ta a inda gas ya riga ya cika, za ta ɗauka haka iskar duniya take, ta yi shiru. Sai ka bi bututu a hankali, kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa, bakinta dab da ƙarfen amma ba ya gogarsa, kana bi ta ƙarƙashi tunda gas ƙasa yake yi. Daɗe a wuraren walda, da bakin cika gas, da inda bututu ke gogar juna, da duk inda ka ga danshin mai ya kama ƙura. In ta yi kuka, ja da baya, bari ta huce, ka sake dawowa. Sai ta maimaita a wuri guda sannan ka ajiye ta gefe ka tabbatar da ruwan sabulu. Fetur, tina, turare da ruwan goge hannu na asibiti duk suna iya sa ta kukan banza, a kawar da su.

Sauran a taƙaice, don layi na jira na:

Canja matatar bakinta in ta yi datti. Goge ta da busasshen ƙyalle, ban da fetur. Cire pil in za ta kwana biyu ba aiki. Mayar da ita jakarta, a inuwa. Hancin cikinta yana tsufa, ana sayen sabo a sa. In gas ya ƙare ƙaf a firigo kuma kana so ka matsa don neman huda, da nitirojin ake yi, kada ka kuskura ka sa iskar oksijin ta masu walda, in ta haɗu da man kwamfireso fashewa take. Kuma a daina ƙara gas a sallami mai kaya ba a toshe hudar ba, ɗakin mutane kake cika wa.

Iyayena mata masu sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, ku ma da ku. Yawancin hudar da ake kai wa masu gyara, wuƙa ce ta yi ta wajen ɓamɓare ƙanƙara. Ku kashe firigon ku bari ta narke da kanta. In kuka ji tsss, kada a kunna ko a kashe wani makunni a ɗakin, a fitar da yara, a buɗe ko'ina. In mai gyara ya zo ya zaro birike, ki ce, "Malam, ba a gidana ba." Firigonki ne, 'ya'yanki ne a tsakar gidan.

In kuma ƙuna ta auku, ruwa mai tsabta kawai, a yi ta kwarara shi a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta a kawo mana. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba baƙin mai. In ruwan gas ɗin ne ya fallatsa ya daskarar da fata, ruwa mai ɗan ɗumi za a sa, kada a murza.

Jiya maigidan yaron ya rako shi canjin bandeji. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na ce, "Alhaji, shigo ka riƙe masa hannu." Ya riƙe, na ɓare tsohon bandejin a gabansa, bai ƙara cewa komai ba. Da za su tafi na miƙa masa na'urarsa da sabon pil a ciki, na ce ya nemo mata matatar bakinta kafin jibi, ranar da yaron zai dawo.