Ba duk mota mai inji a tsakiya ce ta masu kuɗi ba

Mutanenmu da sun ji an ce injin mota a bayan direba yake, gaban tayoyin baya, sai su ce ai wannan Ferrari ce, kayan gyaranta sai Dubai. Wallahi ba haka ba ne. Toyota MR2 ƙirar ƙarshe, wadda aka yi daga 1999 zuwa 2007, injin 1ZZ mai lita 1.8 ne a cikinta, irin na Corolla ɗin nan da ta cika Kano, kayan injin kuwa Kofar Ruwa za ka shiga ka samo, duk bakaniken da ya san Corolla ba zai ruɗe ba.

Inda ake shan wahala daban ne. Lagireto a gaba yake, bututun ruwa ya bi ta ƙarƙashin mota har baya, to in kwalta ko bamp ya taɓa shi ya fara yoyo ba ka sani ba sai zafi ya tashi. Kafin ka biya a ɗaga ta a duba ƙasan nan sosai, a kuma duba ko tana shan baƙin mai, na farko-farkon suna da wannan halin. Kayan bodi da fitilu su ne masu wuyar samu, don haka wadda ta taɓa hatsari ka haƙura da ita ko da an yi maka araha.